Kyandir da Rana Tsaka

Auta ba ta rufe ƙofar kicin idan tana narka kaki. Takan bar ta a buɗe daidai yadda za ta hango kujerar Baba a falo, ido ɗaya a kan tukunya, ɗaya a kansa. Kakin kyandir ba ya son a juya masa baya, da ka matsa ɗauko wani abu sai ka tarar ya fara hayaƙi. Baba ma haka yake.

Gidan a saman bene yake, ɗaki biyu da falo, tagogin duk da ƙarfe. Kafin rasuwar Mama, kwana kawai Auta ke yi a cikinsa. Tikiti take yanka a tashar manyan motoci, tana zaune bayan gilashi daga safe har yamma, ta yi faɗa da 'yan dako, ta yi dariya da direbobi, ta dawo gida murya a dishe. Sai da Mama ta rasu aka gane ashe ta daɗe tana rufa wa Baba asiri. Ita ke raɗa masa sunayen baƙi, ita ke juya masa riga idan ya sa ta a baibai. Ba a jima da rasuwar ba aka tsince shi a wata unguwa mai nisa, yana tambayar mutane hanyar shagonsa na gyaran agogo, shagon da aka rushe tun Auta na firamare.

Aka yi zaman gida. Yaya, babban wansu, ya zo daga garin da yake aiki, yayyenta mata kuma suna ta waya. Kowa ya kawo uzurinsa, wannan na da goyo, waccan ɗakinta ba fili. Can sai ta ga ita ake kallo.

"Na ɗan lokaci ne, Auta," in ji Yaya. "Kafin mu ga yadda za a yi."

Ta ɗauki hutu a wurin aiki. Hutun ya ƙare, ta roƙi ƙari, shi ma ya ƙare.

Maƙwabciyarsu Maman Tagwaye ce ta koya mata yin kyandir, ganin zaman na neman zautar da ita. A unguwar ba a barin wutar lantarki ta daɗe, don haka kyandir ba ya kwantai. Ta nuna mata yadda ake fasa dunƙulen kaki da guduma a cikin buhu, a zuba a gwangwani, a saka gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, kada ya taɓa wuta kai tsaye. Ta ara mata ƙaramin mazubi, wani ƙarfe mai dogayen ramuka. A shafa wa ramukan mai, a zura lagwani a ja shi ya miƙe, a ɗaure a jikin tsinke, sannan a zuba kakin a hankali. In ya huce tsakiyarsa kan lotsa, sai a ƙara masa.

"Sana'ar da ta dace da ke ke nan," in ji Maman Tagwaye. "Ba fita, ba hayaniya."

Auta ta yi murmushi kawai. Fitar da hayaniyar su ne abin da ranta ke so. Mai shagon da ke ƙasan bene shi ke hawowa ya kwashe kyandirorin a kwali, shi ke kawo mata kaki da lagwani. Ko wannan ma bai bar mata dalilin sauka ba.

Sai kuma ya zamana Baba na son kyandir. Yana da tsohon gwangwanin biskit cike da matattun agogo. Kullum da safe sai ya baje su a tebur, ya maƙala gilashin masu gyara a ido, ya yi ta tsokanar su da ɗan siririn ƙarfe. Can sai ya ɗago ya ce, "Baiwar Allah, shagon nan ya yi duhu." Ga rana tsaka, ga labule a ɗage. Wata rana ta fito daga wanka ta tarar ya jera kyandirori a tebur da hannun kujera da bakin taga, duk ya kunna su, yana tsakiya yana aikinsa, hannun rigarsa na kai da komo ta kan harshen wuta. Daga ranar ashana ta koma aljihunta. Wanka ya zama na gaggawa, ƙofa a ɗan buɗe, tana jan shi da hira daga ciki don ta ji ta ina muryarsa ke fitowa.

"Baiwar Allah" yake ce mata yawanci. Wani lokaci ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun suna yara. Jefi-jefi yakan dube ta sosai ya ce, "Auta, kin rame." Sai ta ƙame, ta ƙi ko motsi kada abin ya gudu. Kafin ta buɗe baki ya riga ya gudu.

Tana yanke tsawon lagwani da almakashi wata safiya manajan tasha ya kira ta. Ya gaishe ta, ya tambayi mai jiki, sannan ya yi gyaran murya.

"Na yi iya ƙoƙarina," in ji shi. "Daga sama ake matsa mini. In ba ki dawo farkon mako mai zuwa ba, dole in ba wata kujerar."

Ko almakashin ba ta ajiye ba ta kira Yaya. Ta gaya masa, kuma a karon farko ba ta tausasa murya ba. Ya saurare ta har ta gama.

"Kwantar da hankalinki," ya ce. "Na riga na yi tunanin komai. Ina zuwa ranar Asabar."

Ta wanke rigar aikinta ta goge. Ta zauna da tsinke ta ƙwaƙule kakin da ya maƙale a ƙarƙashin faratanta. Ta haɗa wa Baba kaya a jaka, riguna da magunguna da takalmin da ba ya matsa masa, ta ajiye a bayan ƙofa.

Ranar Asabar da hantsi ta ji ana nishi a matattakala. Ta buɗe ƙofa, sai ga Yaya a gaba yana ba da umarni, direbansa da wani ɗan dako suna cicciɓo wani abu naɗe da kwali. Da ƙyar ya shiga ƙofar. Suka dire shi a falo, ya tare hanyar da ke tsakanin kicin da waje. Yaya ya yage kwalin da kansa yana washe baki. Ƙaton mazubi ne a kan ƙafafun ƙarfe, ramuka layi-layi, da hannun da ake murzawa kyandirori su taso, da bututun ruwan sanyi a gefe.

"Mene ne wannan, Yaya?"

"Inji ne. Abin da kike yi a mako, wannan kafin rana ta take ya gama. Me za ki koma yi a tasha, ana miki ihu kina shaƙar hayaƙin mota? Ga ki a gida, ga Baba, ga sana'a. Ke ce manajar kanki."

Ta daɗe tana kallon ƙarfen. Sabo fil, har da sheƙi. Ta san ya sha yawo kafin ya samo shi, kuma har zuciyarsa alheri yake ganin ya yi mata. Wannan ne ya fi ci mata rai.

"Na haɗa masa kaya," ta ce.

Yaya ya bi hannunta da kallo ya ga jakar, ya kawar da kai. "Kin san gidana, Auta. Ga yara, ga uwarsu ita ma tana fita aiki. Wa zai zauna da shi?"

Baba ya ɗago daga kan agogonsa, gilashi a ido, ya ƙare wa Yaya kallo. "Malam, in gyara ka kawo sai gobe. Yau aiki ya yi yawa."

Yaya ya yi dariya. "Baba, ni ne fa."

"To, madalla," in ji Baba da fara'ar da ake yi wa baƙo, ya koma kan aikinsa.

Auta ta shiga kicin ta kashe risho, ta sauke tukunya. Ta wuce ɗaki ta sa rigar aiki, ta yafa mayafi, ta fito ta raɓa ta gefen injin. Ta kama hannun Yaya ta danƙa masa makulli da ashana.

"Maganinsa bayan ya ci abinci. Kada ya ga ashanar nan. Kada ka kunna risho. Kada ka shiga banɗaki ka rufe ƙofa."

"Har banɗaki ba zan shiga ba?"

"Ka shiga. Ka bar ƙofa a buɗe ka dinga yi masa hira."

"Ke, ina za ki?"

"Aiki," ta ce, ta ja ƙofa.

Ta bi matattakala ta sauka ƙasa. Mai shago ya leƙo ya ce, "A'a, mai kyandir, yau ke ce a ƙasa?" Ta ɗaga masa hannu ba ta tsaya ba, tana tsoron in ta tsaya za ta koma. An yi wa titin sabuwar kwalta ba ta sani ba. Inda ake sayar da taya ya zama wurin aski.

Tashar na nan yadda ta bar ta, ƙarar inji da kiran fasinja da warin man dizal. Doguwa, wadda suke zama gefe da gefe a bayan gilashi, ta rungume ta sannan ta ja baya tana yamutsa hanci.

"Ke, warin me kike yi haka? Kamar kyandirin da aka hure yanzu."

Auta ta yi dariya har da hawaye. Manaja ya fito, ya ce tunda ta zo ta zauna ta taya su, yau akwai cunkoso. Ta zauna a kujerarta, wadda har yanzu ƙafarta ɗaya ke gurgunta. Hannunta bai manta komai ba. Ta yanka tikiti, ta buga hatimi, ta yi wa wani mutum tsawa da ya ce buhunansa kayan hannu ne. Wata mata ta zage ta kan kujerar gefen taga, ta rama, ta ji daɗin ramawar har cikin ranta.

Amma hannunta na hagu bai daina lalubar aljihu ba. Duk sanda ta ji babu ashana sai gabanta ya faɗi, kafin ta tuna. Wani dattijo ya tsaya a gaban gilashi ya rasa sunan garin da zai je, ya yi ta murza hula yana murmushin kunya, har ɗansa ya zo ya faɗa. Auta ta ba su tikitin ba ta ɗago ido ba. Waya ta fara ruri a kan tebur, Yaya ne. Ta kifa ta. Ta sake ruri, ta sake, ta bar ta tana zagaye a kan katako. Da ta ga kiran ya koma na Maman Tagwaye, sai ta ɗauka.

"Kada ki tayar da hankalinki, kowa lafiya," in ji matar, tana haki. "Amma ki zo yanzu."

Tun daga ƙasan bene ta ji ƙauri. Maƙwabta sun tsaya cirko-cirko a matattakala, suka dare suka ba ta hanya. Silin kicin ya yi baƙi ƙirin, labulen tagar ya zama tsumma, ƙasa duk ruwa da daskararren kaki. Yaya na zaune a bakin injinsa, hannunsa na dama cikin bokiti.

Maman Tagwaye ce ta ba ta labari. Yaya ya so ya gwada injin, don Auta ta dawo ta tarar da kyandirori a jere. Ya ga ruwan na ɓata masa lokaci, sai ya ɗora gwangwanin kai tsaye a kan wuta. Baba ya kira shi, ya je, ya dawo ya tarar kakin ya kama. Ya sheƙa masa ruwa, wutar ta yi tsalle har sama. Ita ce ta ji ihu ta zo da jiƙaƙƙen bargo, ta yi ta dukan ƙofa yana neman makulli.

"Ina Baba?" in ji Auta.

Yaya ya nuna ɗaki da haɓa. "Ya sa sakata. Na yi magiya har na gaji. Ya ce ɓarawo ne ni, na zo ƙona masa shago."

Ta je ta tsuguna a bakin ƙofar. Tana jin numfashinsa ta ciki, kusa, kamar shi ma a ƙasa yake zaune.

"Baba."

Ta ƙwanƙwasa a hankali.

"Baba, ni ce. Wuta ta mutu. Buɗe mini."

"Akwai wani mutum a nan," ya ce da ƙaramar murya. "Ƙato. Ban san shi ba."

"Na gan shi. Ba zai yi maka komai ba, ina nan."

"Ke ce mai yi mini shayi?"

Ta dafa ƙofar. "Ni ce."

Ya daɗe yana kokawa da sakatar kafin ta zame. Ya jiƙa wandonsa, yana rungume da gwangwanin agogo. Ya riƙe mata hannu da ƙarfin da ba ta san yana da saura ba.

"Ina kika je? Na ce musu yarinyar nan za ta dawo. Kada ki ƙara tafiya, kin ji? Mutanen nan ba su san kan shagon ba."

Ta canza masa kaya, ta ba shi shayi da maganin da ba a ba shi ba, ta zauna har barci ya ɗauke shi, hannunta na cikin nasa. Da ta fito, maƙwabta sun watse. Yaya na nan inda ta bar shi, idanunsa jajur.

"Wallahi ban sani ba, Auta," ya ce. "In na kira kina cewa da sauƙi."

"Me kake so in ce?"

Ya ciro hannun daga bokiti. Ta ɗauko man ƙuna ta shafa masa, ta naɗe hannun. Yana kallon ƙasa ya ce gobe zai tafi da Baba, ko me za a yi a yi.

Ya kuwa tafi da shi. Auta ta koma tasha farkon mako, ta yini a bayan gilashi, ta dawo gidan da babu kowa ta kwanta a falo kusa da injin. Amma a can Baba ya ƙi ci, ya ƙi sha. Ya ƙi yarda matar Yaya ta matso kusa da shi, jikokinsa kuma ya ce yaran unguwa ne a kore su. Da aka ɗan yi sakaci ya fice ta ƙofar gida, sai a bakin babban titi aka kamo shi. Kafin mako ya zagayo Yaya ya hawo da shi bene, Baba ya zabge kamar wanda ya yi wata a kwance. Yana ganin Auta ya ce, "Yauwa," ya nemi kujerarsa ya zauna, ya cinye duk abin da ta sa masa a gaba. Ita da Yaya suka tsaya suna kallonsa yana ci. 

Da ta daina zuwa tasha, manaja ya ba wata kujerar. Amma ya ce ranar Asabar mutane kan yi yawa, in za ta iya ta dinga zuwa taya su. Yaya ya ɗauki alkawarin Asabar ɗin. Yakan taso tun da sassafe, ya shigo da sallama kamar baƙo, ya zauna nesa kaɗan, ya bar Baba ya saba da ganinsa kafin Auta ta sulale. Ya daina cewa "ni ne fa". Wasu Asabar ɗin a wuce lafiya, wasu ta dawo ta tarar Baba a bakin ƙofa tun rana yana jira. Injin kuwa babu mai iya sauke shi, ta ture shi jikin bango ta koyi aiki da shi. Yana da sauri kamar yadda Yaya ya faɗa. Kwalaye suka taru har saman kabad, mai shago ya haɗa ta da wasu masu shagunan, aiki ya ninka.

Wata Asabar ta shirya da wuri, ta sa rigar aiki da takalmi, ta zauna a hannun kujera da jaka a cinya. Rana ta ɗaga, babu Yaya. Can ya kira, ƙaramar 'yarsa ce ba lafiya, suna asibiti, ta yi haƙuri. Gaskiya yake faɗa, tana jin kukan yarinyar ta wayar. Ta ce Allah ya ba ta lafiya, ya gaishe da uwarta.

Ta kira manaja ta gaya masa. Ya ce, "To," ya ɗan yi jim kamar zai ƙara wani abu, sai wani ya kira shi daga can ya kashe.

Baba ya juyo ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Unguwa za ki?"

"A'a, Baba."

"To wannan kwalliyar fa?"

"Haka kawai."

"Ta yi miki kyau," ya ce. "Mijinki ya yi dace."

Dariya ta kuɓuce mata ba ta shirya ba. Shi ma ya taya ta, bai san ta mece ce ba. Sannan ya ce ƙafarsa na masa ƙaiƙayi. Ta ajiye jakar a ƙasa, ta durƙusa ta cire masa safa.